Tokar da Na Barbaɗa wa Lingon

Tun ina yarinya an san ni da hannun shuka. A gidanmu, can wani ƙauye kusa da Giwa, akwai ɗan fili bayan ɗakin Inna inda muke sa yakuwa da kuɓewa da barkono, kuma duk abin da na tsikara a ƙasa sai ya fito. Har tsokanata ake yi, wai ko muciya na dasa sai ta yi ganye. Na fara da wannan ne don a san cewa ba wadda ta jahilci shuka ba ce ta yi abin da zan faɗa. Da jahilar ce ma, da ta tsaya a kan abin da aka gaya mata.

A ƙarshen shekarar 2012 muna zaune a Ainu Shams, wata unguwa a birnin Alƙahira, ni da maigidana da yaranmu biyu, a hawa na biyar. Malam yana karatun fiƙihu, yara suna makaranta, ni kuwa ina zaman kallon bango. Sai wata maƙwabciyarmu 'yar Sudan ta ce akwai wata tsohuwar Baturiya a unguwar Ma'adi da ke neman mai girki da shara. Jirgin ƙasa na metro ɗaya ne daga unguwarmu har can, babu sauyi. Malam ya ɗan ja, daga baya ya yarda, da sharaɗin in dawo gida kafin magariba.

Madam, haka nake kiranta, doguwa ce siririya, gashinta fari fat. Daga can ƙuryar arewacin Turai ta fito, inda ta ce da bazara rana kan ƙi faɗuwa. Ta haura shekara arba'in a Masar, Larabcinta ya fi nawa nesa ba kusa ba, kuma da shi muke magana. Mijinta injiniyan ruwa ne, ya rasu shekaru bakwai kafin zuwana. Ba su haihu ba. Ita kaɗai take rayuwa a wani gida mai ɗakuna huɗu a hawa na biyu, bishiyoyi sun rufe tagoginsa har da tsakar rana sai an kunna fitila.

Ranar farko, kafin ta nuna mini kicin, sai ta kai ni ɗakin karatun mijin. Tana buɗe ƙofa sanyi ya buge ni a fuska. Takyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, tana ta ruri, kuma na gane daga baya ba a taɓa kashe ta. A kusurwa akwai firji mai ƙofar gilashi irin na masu sayar da lemo, ba komai a ciki. A kan tebur kusa da taga kuma ga wata tukunya mai faɗin baki kamar kwatarniya, cike da baƙar ƙasa mai laushi kamar soso. Wani ɗan tsiro ne ya shimfiɗe a kanta, tsawonsa bai kai taƙi ba, ganyensa kamar na lalle amma ya fi kauri da sheƙi.

"Wannan shi ne lingon," in ji ta. "Duk gidan nan kina iya taɓa abin da kika ga dama, ya binti. Shi kam sai yadda na ce." Ya binti, wato 'yata, haka take kirana da Larabci.

Na dubi tsiron, na dubi na'urar da ke cin wuta dare da rana saboda shi, na ce a raina Turawa dai ba sa rasa abin ɓata lokaci. A fili na ce, "Tamam, Madam."

Yadda ta ce ɗin kuwa ba kaɗan ba ne. Ruwan famfo ba ya kusantarsa. Akwai bokiti a baranda da ke tare ruwan da takyif ke ɗigarwa, da shi kaɗai ake ba shi, shi ma da ƙaramin kofi. Ba a kai shi rana sai ta sassafe. Da na ce ƙasar ta yi kama da mai yunwa, in samo mata ɗan kashin tattabara daga saman benenmu, sai ta zaro ido kamar na ce zan zuba guba. Ta ce ƙasarsa tsami take so, kada in ƙara mata komai, ko da menene. Na ji maganar tsamin, na wuce ta kamar yadda ake wuce maganar tsofaffi.

'Ya'yan lingon kuwa na san su kafin in gan su a jikin tsiron. A kabad ɗin kicin akwai kwalabe jere, kowace cike da jajayen 'ya'ya masu girman ƙwayar wake, suna zaune cikin ruwa. Baƙi daga ƙasarsu ne ke kawo mata. Na tambaye ta ko gishiri ne a ruwan ko sukari, ta ce ruwa ne zalla. Wata kwalbar ta shekara uku, wata huɗu. A garin da tumatir ke ruɓewa kafin ka hau da shi bene, waɗannan 'ya'yan suna nan jawur, ko tabo babu. Ban taɓa sakin jiki da su ba. Duk lokacin da na buɗe kabad ɗin sai in ga kamar sun juyo gaba ɗaya suna kallona.

Ita ta koya mini sarrafa su. A tsame cokali uku, a zuba sukari, a yi ta juyawa da cokalin katako ba tare da an ɗora a wuta ba, har sukarin ya narke su ɗan farfashe. Da wannan take cin kusan komai: soyayyen kifi, dankali, dunƙulen niƙaƙƙen nama, har da kunun hatsinsu mai kauri da safe. Na ɗanɗana sau ɗaya. Tsami ne kamar na tsamiya, sannan wani ɗaci ya biyo baya ya zauna a maƙogwaro. Na ce mata mu a wajenmu idan abu ya yi haka magani muke ce masa, ba abinci ba. Ta yi dariya har da tari.

Na tukunyar daban suke. A shekara tsiron bai fi ya ba da cikin tafin hannu ba, kuma ba ta haɗa su da na kwalba. Da kaka ta 2013, wata safiya ta kira ni ɗakin. Ta tsinke su a cikin ɗan faranti, tana zaune a kujerar mijin. Ta ɗauki guda ɗaya ta miƙo mini. Ban ga dalilin ƙi ba, na jefa a baki na tauna. Ya fi na kwalba zaƙi kaɗan, kuma sanyi ƙalau.

"Yau ranar da ya tafi ce," ta ce. "Kin san inda na samo tsiron nan?"

Na ce a'a.

Ta ce da ya rasu ta kai gawarsa ƙasarsu. Wasiyya ya bari cewa a ƙone shi, a watsa tokarsa a dajin da yake tsinkar lingon yana yaro. Ta yi yadda ya ce. Bayan shekara ta koma wurin, ta tarar tsiron ya rufe inda ta watsa tokar. Ta sa wuƙa ta yanko shi da ƙasarsa, ta naɗe a rigar sanyi, ta taho da shi Alƙahira. Ta faɗi wannan duka hankali kwance, tana ɗaukar 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya tana ci.

Ban san yadda na fita daga ɗakin ba. Na shiga bayi na sa yatsa a maƙogwaro, ba abin da ya fito. Na kurkure baki ya fi sau goma. A jirgi ina komawa gida ina jin ɗacin nan a harshena, ina ganin kamar duk matan da ke taragon sun san abin da na haɗiye.

Malam bai ɗauki abin da zafi ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Tsiro ne, Allah ne ya halicce shi. Ƙasar da kike takawa kullum, kin san mutum nawa ne a cikinta? In ba ki iya ba ki bar aikin." Na ji haushin wannan sanyin nasa. Amma ban bar aikin ba, domin gaskiya na riga na saba da tsohuwar, kuma ina tausayinta.

Sai dai daga ranar na daina shiga ɗakin ba tare da addu'a ba. Da hunturu ya shigo muka ɗauki tukunyar mu biyu muka sa a firjin nan mai gilashi. Ta ce idan bai yi wata uku cikin sanyi irin na ƙasarsu ba, ba zai yi fure ba, dole ya yi barci. Da la'asar takan ja kujera gaban gilashin da kofin shayi, ta yi ta magana ƙasa-ƙasa cikin yarensu. Wannan bai dame ni ba, tsofaffi da yawa suna magana su kaɗai. Abin da ya dame ni shi ne yadda takan yi shiru ta karkata kai, ta jira daidai tsawon amsar mutum, sannan ta yi 'yar dariya ta ci gaba.

Da bazarar 2014 muka fito da shi, ya yi fure. Ƙanana ne farare da ɗan ja-ja, sun sunkuyar da kai ƙasa. Tun da babu ƙudan zuma a ɗakin, ita ce zumar. Da ɗan siririn buroshi take bin furannin ɗaya-ɗaya tana shafawa. Ta sa ni na koya, ta ce idonta ya fara gajiya. Mako biyu bayan haka ta zame a bayi, ƙashin ƙugunta ya karye. 'Yar ɗan'uwanta ta zo daga ƙasarsu ta ce can za a yi mata aiki.

Ranar tafiya, ana shirin sauka da ita a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, ta kama wuyan hannuna. Ban san tsohuwa na da irin wannan ƙarfin ba. Ta danna mini makullin gidan a tafi.

"Amana, ya binti. Ki riƙe mini shi har in dawo. Ba ni da kowa a garin nan sai shi."

Na ce, "In sha Allahu za ki same shi yadda kika bar shi."

Haka na koma zuwa Ma'adi kullum don tsiro ɗaya. Mun lulluɓe kujerun falo da fararen zannuwa kafin ta tafi, don haka ina buɗe ƙofa su nake fara gani, tsaye-tsaye cikin duhun gidan. Bawwab, mai gadin benen, yakan taya ni hawa da kaya, amma iyakarsa bakin ƙofa. Ya ce shi bai ga komai ba, bai ji komai ba, kawai dai ba ya son sanyin gidan. Akwai kuma wani ƙamshi da ke tarar mutum a ƙofar ɗakin karatun, irin na ƙasa idan ruwan farko ya sauka, a garin da sai a shekara ba a ga ruwan kirki ba. Wata rana na tsinci kaina ina yin sallama kafin in shiga. Ban ce an amsa ba. Amma na tsaya na jira, kuma wannan jiran ya fi ba ni tsoro.

Furannin suka zube, 'ya'ya suka fito kore shar, guda ashirin da uku. Na ƙirga su ranar farko, na kuma ci gaba da ƙirgawa kullum kamar wani zai sata. Kowace Juma'a da hantsi Madam takan kira wayar gidan daga asibiti. Ba ta tambayar lafiyata sai a ƙarshe. Maganarta ta farko kullum ita ce, "Yaya yake?"

A shekarar ne wutar lantarki ta yi ta wasa da mutanen Alƙahira. A ɗauke da safe, a kawo, a sake ɗaukewa da azahar. Idan takyif ta mutu gidan yakan yi tsit, sai ka ji zafi yana shigowa ɗakin a hankali ta ƙarƙashin ƙofa. Na koma dabarar gida. Na samo buhun algarara na jiƙa na naɗe tukunyar yadda muke yi wa randa, na riƙa sayo ƙanƙara ina jerawa kewaye da ita. Azumi ya same ni a haka. Ga ƙishirwa, ga ni ina hawa bene da ƙanƙara a ƙirji saboda mamacin da ban taɓa gani ba. Na yi mita a raina ba kaɗan ba, har na taɓa cewa da tsiron a fili, "Kai dai ka ji daɗinka." Ganyen ya ɗan motsa. Babu wuta a lokacin, kuma taga a rufe take. Na tattara takalmana na sauka wajen bawwab na zauna har aka kawo wuta.

Duk da haka na yi nasara, ko ganye ɗaya bai faɗi ba har Sallah. Kwana uku na hutun Sallah ban je ba. Da na koma sai na ga wata siririyar saƙa kamar ta gizo-gizo tsakanin rassan. Na juya ganye, na ga 'yan ƙwari jajaye ƙanana kamar garin barkono suna yawo. Ganyen ya fara ɗigo-ɗigon fari. Na wanke su da ruwan bokiti, kashegari suka dawo sun ninka.

Abin da ya kamata shi ne in jira Juma'a in tambaye ta. Amma Talata ce, kuma na ga kafin Juma'a za su cinye shi. Ban da haka, in faɗi gaskiya, girman kai ya hana ni. Ni da aka sani da hannun shuka, in ce wa tsohuwa tana kwance a gadon asibiti ƙwari sun fi ƙarfina? Na san maganin ƙwari tun ban iya ɗaura zane ba. Idan suka sauka a kan kuɓewa ko wake, Inna takan ɗebo toka daga murhu ta barbaɗa da sassafe, shi ke nan. Na tuna Madam ta ce kada a ƙara masa komai. Sai wata dabara ta zo mini, har na ji daɗin kaina: tsiron da ya tashi a kan toka, toka za ta yi masa me? Ai abincinsa ce ma.

Muna da kurfoti a saman benenmu na Ainu Shams, inda nake gashi idan an samu nama. Na ɗebi tokarsa cike da gwangwanin madara, ko tankaɗewa ban yi ba. Da hantsin Laraba na barbaɗe ganyen sama da ƙasa, ragowar na juye a gindin, na bi da ruwa don ta shiga ƙasa sosai. Kwana biyu ƙwarin suka ɓace. Na tsaya a gaban tukunyar na riƙe ƙugu, ina jin da ma Inna na kusa ta gani.

Ranar Juma'a waya ta yi ƙara.

"Yaya yake?"

"Lafiya lau, Madam. 'Ya'yan sun fara ja."

Ina jin numfashinta. Can ta ce, "Tun shekaranjiya bakina wani iri yake. Duk abin da na ci sai in ji kamar toka nake tauna. Likita ya ce magani ne."

Na ce, "Ma'alish, Allah ya sawwaƙe." Na ajiye wayar.

Bayan mako guda ganyen ya fara rawaya daga gefe. Na ce zafi ne, na ƙara ƙanƙara. Rawayar ta koma ruwan ƙasa. A gida ne na gane abin da na yi. Ina da yakuwa da na shuka a bokiti a saman bene, ranar ina miya da ita, na ɗanɗana na ji ta yi tsami da yawa. Na miƙa hannu na ɗauko kanwa na jefa, miyar ta yi kumfa, tsamin ya kwanta. Na tsaya da ludayi a hannu. Idan babu kanwa, da ruwan toka muke kashe tsamin yakuwa, kowace mace a garinmu ta san wannan. Tsohuwa ta gaya mini da bakinta cewa ƙasarsa tsami take so, ni kuma na ɗauki abin da na fi kowa sanin yana kashe tsami na juye masa gwangwani guda. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka, miyar ta ƙone.

Kashegari na kankare saman ƙasar da cokali, na matse lemon tsami a ruwa na zuba. Na makara, tokar ta riga ta nutse. Cikin mako biyu tsiron ya bushe ƙamas. Ganyen bai zube ba, yana nan a jikin rassan kamar busasshen ganyen shayi. 'Ya'yan kuwa ba su fasa nuna ba. A kan matattun rassa suka ci gaba da ja, kullum suna ƙara sheƙi, ashirin da ukunsu cif. Na daina kallonsu kai tsaye. Ina shiga in zuba ruwan da na san ba shi da amfani, in fito da baya.

Juma'a uku tana tambaya, Juma'a uku ina cewa lafiya lau. Malam ya ce, "Ki gaya mata gaskiya. Amana ta lalace a hannunki, kada ki ƙara mata ƙarya a kai." Na ce ai shi bai ji muryarta ba. Matar nan tana koyon tafiya ne kamar jaririya, tana gaya mini taku nawa ta yi yau, duk don ta dawo ta same shi. Ya ce wannan ba hujja ba ce. Na san ba hujja ba ce, na dai kasa.

A watan Satumba ta dawo, da safe, tana dogara wani ƙarfe mai ƙafa huɗu. Ta rame har na kusa kasa gane ta. Bawwab ya ajiye akwatunanta a bakin ƙofa ya juya. Ba ta zauna ba, ba ta sha ruwa ba. Ta nufi ɗakin karatun, ƙarfen yana ƙwanƙwasa daɓe, ni ina biye da ita kamar wadda za a kai wa alƙali.

Ta daɗe a tsaye gaban tebur. Ta miƙa yatsa ta taɓa ganye ɗaya, ya ruguje. Na jira ihu, ko zagi, ko ta ce in ajiye makulli in fita. Da ta yi haka da na fi samun sauƙi.

"Me kika ba shi?" Ba ta juyo ba.

"Toka, Madam. Ƙwari ne suka kama shi. Mu a wajenmu haka muke yi."

"Yaushe?"

"Wata Laraba, bayan Sallah."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar na gaya mata abin da ta riga ta sani. Ta ja kujerar mijin ta zauna da ƙyar. Na durƙusa na ce ta yafe mini, na ce na yi mata ƙarya a waya, na ce duk abin da ta ga dama ta yi mini. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Khalas, ya isa. Kawo jarida. Saiwarsa tana tafiya a ƙarƙashin ƙasa, wani lokaci sama ya mutu ƙasa na da rai. Idan muka samu ko guda ɗaya fara, zai tashi."

Na shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan tebur. Ta tsinke 'ya'yan ta ajiye gefe, ni kuma na kife tukunyar. Ƙasar ta fito dunƙule guda, da ƙamshin nan nata. Tun ranar da ta yanko ta daga daji ba a taɓa fasa ta ba. Muka sa hannu mu biyu muna marmasawa. Kowace saiwa na jawo baƙa ce, tana tsinkewa kamar ruɓaɓɓen zare. Ita ba ta gaji ba. Tana bin ƙasar kaɗan-kaɗan da yatsunta, tana kai kowane ɗan abu kusa da ido. Ni na riga na san babu mai rai a ciki, amma ban isa in faɗa ba.

Can sai hannunta ya tsaya. Na ɗauka saiwar ta samu. Ta ɗago wani ɗan abu fari, bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, ta goge shi da bakin rigarta. Ta danna shi da farce, bai fashe ba. Ta ɗora a tafin hannunta ta matso da shi hasken taga. Ƙashi ne, ɗan guntun ƙashi da wuta ta ci, gefe ɗaya fari, gefe ɗaya toka-toka.

Ta ce wani abu cikin yarensu, kalma ɗaya, a hankali. Sannan fuskarta ta saki, hawaye suka zubo, tana murmushi. Ban taɓa ganin ta haka ba.

"Duk shekarun nan ina ba shi ruwa, ban san yana ciki da kansa ba," ta ce. "Da ba ki yi abin da kika yi ba, ya binti, da har in mutu ban fasa ƙasar nan ba."

Zai yiwu na mijin ne, ƙasar daga can ta zo. Amma ni na san inda na ɗebo tokata. Ranar Sallah tattabaru huɗu na gasa a kurfotin nan, muka ci a saman bene, yarana suna tsotse ƙasusuwan suna jefawa cikin garwashi don su ji ƙarar. Tokar da ban tankaɗe ba ke nan. Na buɗe baki. Na dubi tsohuwar, ta rufe tafin hannunta a kan abin ta kai ƙirji, tana jijjiga kaɗan kamar mai lallashin jariri. Yanzun nan na gama neman gafarar ƙarya ɗaya.

Ta sake buɗe hannun ta miƙo shi saitin fuskata.

"Kin gan shi?"

Na ce, "Na gan shi, Madam."